Hannun da Aka Ɗaure: Ladubban Kisa da Faɗuwa a Fagen Damben Arewacin Kano

Karkarar da ta kewaye birnin Kano ta arewa, wadda ta taso daga Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa ta miƙa har Bichi da Makoɗa da Ɗambatta, tana cikin yankunan da manoma suka fi cunkushewa a Afirka ta Yamma, kuma wannan cunkoso ne ya ja hankalin masanin labarin ƙasa Michael Mortimore tun a shekarun 1960, lokacin da ya yi nazarin yadda jama'a masu yawan gaske suke ci daga ƙasa 'yar kaɗan ba tare da sun kashe ta ba. A nan gona tana manne da gona, kuma kusan ba a barin saura, wato gonar da ake hutar da ita na wasu shekaru, sai dai a ciyar da ƙasa da takin dabbobi da sharar birni wadda jakuna suka daɗe suna kawowa a mangala. Gidaje sun warwatsu cikin gero da dawa da gyaɗa da wake, ta yadda da wuya mutum ya yi 'yar tafiya bai yi wa wani sallama ba. Irin wannan zama yana shafar abubuwan da ba a cika danganta su da noma ba, kuma daga cikinsu akwai yadda ake cin nasara da yadda ake shan kaye a fagen wasa, domin wanda aka buge yau da la'asar shi za a tarar gobe da asuba a sahun masallaci, ko a bakin rijiya, ko tsaye a kan iyakar gonar da kakanni suka shata da gamba.

Dambe, wanda shi da kokawa da langa ne manyan wasannin ƙarfi na wannan yanki, asalinsa sana'ar nishaɗi ce ta mahauta, waɗanda ake kira rundawa, kuma lokacinsa shi ne kaka, bayan an kai amfanin gona rumbu, kuɗi sun shigo hannu, bukukuwa irin su kalankuwa sun kankama. Ɗan dambe yana naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle, ya bi shi da zare har ya yi tauri, kuma wannan hannu shi ake kira mashi, ɗayan kuwa da yake miƙawa gaba a buɗe don tare duka da auna tazara shi ne garkuwa. Ana yin karawar a turmi, wato zagaye, galibi har uku, kuma abin da ake nema shi ne kisa, ma'ana a kai abokin karawa ƙasa, ko da hannunsa ne ko gwiwarsa kaɗai suka taɓa ta. Idan aka kammala turmin babu wanda ya faɗi, sai a ce an tashi babu kisa, kowa ya koma ɓangarensa da mutuncinsa. Idan kuwa an yi kisa, sai wani lokaci gajere ya biyo baya wanda ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi, kuma a cikin waɗannan daƙiƙoƙi ne ake gane ɗan damben da ya sami tarbiyya da wanda ƙarfi kawai ya koya.

Doka ta farko, wadda duk sauran suke rataye a jikinta, ita ce ba a dukan wanda ya faɗi. Faɗin wannan yana da sauƙi, amma kiyaye shi yana da wuya ƙwarai, saboda mutumin da ake buƙatar ya tsaya yana cikin zafin jini, kalangu yana kiran takensa, wato kiɗan da aka keɓe masa shi kaɗai, jama'a suna ihu, hannunsa kuma ya riga ya ɗauko duka na biyu kafin na farko ya gama aiki. Ana so ya mayar da wannan hannu, ya ja da baya, ya bar alƙali da mutanen wanda aka buge su shiga su ɗaga shi, su zuba masa ruwa, su fitar da shi daga fage. Yana da damar ya zaga fili yana kirari, ya tsaya gaban makaɗa, ya karɓi kari, wato kyautar kuɗin da masu kallo suke liƙa wa wanda ya burge su, kuma babu mai ganin laifinsa a kan haka, domin murna haƙƙinsa ce. Abin da ba shi da dama a kai shi ne ya tsaya a kan wanda yake kwance, ko ya tsallake shi, ko ya nuna shi da ƙafa, ko ya juya ga danginsa da baƙar magana. Ba kullum ake kiyaye wannan ba, kuma duk wanda ya san fagen dambe ya san akan yi rikici har taro ya watse. Amma yadda manya suke tashi tsaye nan take su tsawatar, da yadda sunan mai irin wannan hali yake ɓaci a garuruwan da zai je nan gaba, sun nuna cewa dokar tana da rai ko da ba a rubuta ta a takarda ba.

Wani abin lura shi ne, gaisawa da hannu, wadda a wasannin ƙasashen Turai da Amurka ta zama alamar da ake rufe karawa da ita, ba ta da wannan matsayi a damben karkara, kuma dalilin farko a fili yake: hannun da Bahaushe yake gaisawa da shi, wato na dama, shi ne a wurin mafi yawan 'yan dambe yake ɗaure cikin zare, miƙa hagu kuwa rashin ladabi ne. Saboda haka sulhun fage yakan ɗauki wata siffa, kamar rungumar juna, ko dafa kafaɗa, ko kama hannun wanda ya faɗi a taimaka masa ya miƙe. Dalili na biyu ya fi zurfi, kuma ya shafi matsayin musafaha a tarbiyyar Hausa gaba ɗaya. Musafaha tana da tsari: yaro ba ya fara miƙa wa babba hannu, sai ya rusuna ko ya durƙusa ya gaishe shi, idan babban ya miƙo sai ya karɓa da ladabi, sau da yawa da hannu biyu, sannan ya mayar da hannunsa ƙirji; talaka a gaban sarki kuwa jinjina yake yi. Idan matashin da tauraronsa yake tasowa ya buge tsohon ɗan damben da ya girme shi, sa'annan ya nufe shi da hannu a miƙe a gaban jama'a, masu kallo da yawa za su ɗauki abin a matsayin izgili, kamar yana cewa yanzu sun zama tsara. Abin da ya fi dacewa da shi, kuma abin da dattawan sana'ar suke yabawa, shi ne ya bari ƙura ta lafa, ya je inda babban yake zaune ya gaishe shi gaisuwar ƙaramin da ya san girman na gaba, ko da kuwa sa'a ɗaya da ta wuce shi ne ya kai shi ƙasa.

Abin da yake riƙe da waɗannan ladubba shi ne, ɗan dambe ba ya shiga fage shi kaɗai. Yana da maigida da ya koya masa, kuma sunayen da ake kiran 'yan wasa da su suna bayyana haka, domin za a ji Shagon wane, ko Autan wane, ko Dogon wane, ko Bahagon wane idan da hagu yake duka, kowanne yana ɗauke da sunan wanda ya raine shi a sana'a. Yana kuma da ɓangare, kamar Kudu ko Arewa ko Jamus ko Guramaɗa, kuma a al'ada 'yan ɓangare ɗaya ba sa neman junansu da dambe. Wannan yana nufin duk wulaƙancin da ɗan wasa ya yi wa wanda ya buge, bashi ne ya ɗora wa maigidansa da ɓangarensa, kuma za a nemi biyansa a jikin wani ƙaninsa a wani gari. A ƙauyukan da harkar take hannun mahauta, Sarkin Fawa da Sarkin Dambe su ne masu faɗa a ji, su suke duba ko waɗanda za su kara sa'o'in juna ne, su kuma suke da ikon raba turmi idan suka ga wani ya jigata. Wanda aka nema da dambe ya ga ba ajinsa ba ne yana iya ƙin shiga, kuma ko da za a yi masa dariya, an fi ganin laifin babban da ya nemi yaro don ya yi suna da shi.

Makaɗa da maroƙa suna da hannu a cikin alheri da sharrin wannan lamari. Muhammadu Bawa Ɗan Anace, makaɗin ƙasar Sakkwato wanda waƙarsa ta ɗan dambe Shago ta zaga ƙasar Hausa ta rediyo da kaset, ya nuna irin ƙarfin da waƙa take da shi wajen mayar da ɗan dambe gwarzon da ake tunawa bayan ya bar fage. Amma kiɗan da yake ɗaga wani shi ne yake iya nutsar da wani, domin zuga da habaici suna daga cikin kayan aikin maroƙi, kuma faɗuwar da aka sa a waƙa ta fi wadda aka gani da ido daɗewa. Makaɗin da ya san aikinsa yakan yabi mai nasara ta hanyar girmama wanda aka buge, tunda babu abin alfahari a kayar da rago, kuma ta haka yakan bar wa wanda ya faɗi ƙofar dawowa. Masu kallo su ma suna da nasu rabon. Tsokanar da ake yi wa wanda aka kashe a dambe takan bi hanyoyin da al'ada ta riga ta share, irin wasan da ke tsakanin taubasai, wato 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji, ko tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari, inda ake faɗin magana mai zafi amma an san ba za ta zama gaba ba. Hukumar UNESCO ta sa irin wannan wasan barkwanci na Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada a shekarar 2014, bisa la'akari da aikinsa na kashe wutar rikici.

Kwatanta wannan da wani wasa na can nesa yana ƙara fito da abin da ake magana a kai. A birnin Las Vegas na Amurka ana yin gasar karta ta foka mai suna World Series of Poker tun shekarar 1970, kuma babbar karawarta, wadda kuɗin shigarta dala 10,000 ne, ta tara 'yan wasa 10,043 a shekarar 2023. Tsarinta na sallama ne: kowa yana farawa da tulin 'yan fayafayan da suke wakiltar kuɗi, wanda nasa suka ƙare ya fita ke nan, babu dawowa, kuma kimanin kashi 15 cikin ɗari ne kawai suke kaiwa matakin da ake samun wani abu. 'Yan wasan suna da nasu ladubban na lokacin fita. Ana ƙyamar mai nasarar da ya san katinsa ya fi amma ya yi jinkirin buɗe shi da gangan don ya bar abokin karawa ya sa rai, ana ƙyamar murnar da ta wuce kima a gaban wanda ya yi asara, kuma da yawa daga cikinsu suna ganin wanda aka fitar shi ya kamata ya fara miƙa hannu idan yana so, mai nasara kuwa ya zauna shiru ya karɓa, kada ya tilasta wa mutumin da zuciyarsa take ƙuna ya yi murmushin dole. Phil Hellmuth, wanda ya ci babbar gasar a 1989 yana ɗan shekara 24, ya yi suna da faɗa da gorin da yake yi wa waɗanda suka fitar da shi kusan kamar yadda ya yi suna da gwanintarsa. Hikimar barin wanda ya faɗi ya zaɓi lokacin sulhu iri ɗaya ce da ta fagen dambe. Bambancin shi ne, mutanen da suka gaisa a teburin Las Vegas baƙin juna ne waɗanda watakila ba za su sake haɗuwa ba, don haka musafahar ita ce farkon hulɗarsu da ƙarshenta, alhali a Minjibir ko Makoɗa abin da aka yi a fage somin-taɓi ne na zaman da za a ci gaba da yi shekara da shekaru.

Ba a kawo wannan misali don a daidaita wasannin biyu ba. Foka caca ce, Alƙur'ani ya haramta caca a cikin surar Baƙara da surar Ma'ida, Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, kuma Hukumar Hisba tana farautar gidajen caca, har ta rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024. Karta a ƙauyukan arewacin Kano abu ce da mai mutunci ba ya so a gan shi a kanta idan da kuɗi a tsakani, kuma wannan ɓoyo shi kansa yana hana ta samun ladubba irin na dambe, domin wasan da ake yi a bayan idon dattawa ba shi da mai tsawatarwa idan rai ya ɓaci.

Misalin da ya fi kusa, kuma wanda ya fi kama da gasar sallama ta gaskiya, yana ƙetaren iyaka. Jamhuriyar Nijar tana gudanar da gasar kokawa ta ƙasa ta neman takobi tun 1975, lokacin da aka fara ta a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama sarkin kokawa na farko. Jihohi takwas, wato Agadas da Difa da Doso da Maraɗi da Tawa da Tilaberi da Damagaram da Yamai, kowace tana kawo 'yan kokawa goma, kuma takobin yana tsakanin waɗanda ba a kayar ba ne kawai, ta yadda faɗuwa ɗaya tak ta isa ta raba gwarzo da burin shekara guda. Sai dai tsarin yana da wata hikima da ta cancanci a tsaya a kanta: wanda aka kayar ba ya tattara kayansa ya tafi gida, yana ci gaba da kokawa domin jiharsa, kuma yana iya kayar da wani da bai faɗi ba ya fitar da shi shi ma. Ta haka faɗuwa ba ta mayar da mutum ɗan kallo, kuma manyan 'yan kokawa irin su Issaka Issaka na Doso, wanda ya ɗauki takobin sau da yawa, sun san cewa wanda ya riga ya faɗi yana cikin mafi haɗarin abokan karawa. Rungumar da ake gani bayan karawa a filayen Nijar, wadda miliyoyin mutane suke kallo a talabijin har a garuruwan Katsina da Jigawa na kan iyaka, tana fitowa ne daga mutanen da suka san gobe ma suna cikin fage tare.

Malamai sun daɗe suna da ra'ayoyi mabambanta a kan dambe, musamman saboda dukan fuska da layu da kiɗa, amma a kan halin da ya kamata mai ƙarfi ya nuna babu saɓani. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya mayar da ma'aunin ƙarfi daga iya kayar da mutane zuwa iya mallakar kai lokacin fushi, wani kuma da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya yi albishir da gafara ga Musulmi biyun da suka haɗu suka yi musafaha. Ɗan damben karkara, wanda yawanci ya yi karatun allo ko ya tashi a gidan da ake yi, ya san waɗannan ko da bai iya kawo su da Larabci ba.

Abin damuwa a yau shi ne, ginshiƙan da suka riƙe ladubban suna sauyawa da sauri. Dambe ya tashi daga wasan kaka ya zama sana'ar duk shekara a gidajen da ake shiga da tikiti, irin na dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari a Kano da na Dei-Dei a Abuja, kuma matasan ƙauyukan Bichi da Ɗambatta da suke zuwa can suna karawa da mutanen da ba su haɗa gona ko kasuwa da su ba. Ba mahauta kaɗai suke yin sa yanzu ba, don haka ikon Sarkin Fawa a kan 'yan wasa ya ragu. Wayar hannu ta kawo wani sauyin da ya fi wannan nauyi, domin kisan da a da mutanen gari ɗaya suke gani su manta da shi kafin damina, yanzu ana ɗaukarsa a bidiyo, a yanke daƙiƙoƙin faɗuwar kaɗai, a watsa a Facebook da TikTok da YouTube, inda baƙi suke ta maimaita shi suna dariya. Rungumar da ta biyo baya, ko gaisuwar da aka je aka yi a masauki da dare, ba ta shiga bidiyon. Matashin da ya ga cewa tsalle a kan wanda ya faɗi ya fi jawo masu kallo fiye da ja da baya yana samun darasin da ya saɓa wa na maigidansa, kuma wannan darasi na biyu yana zuwa da kuɗi.

Sababbin masu shirya gasa, irin su kamfanin African Warriors Fighting Championship da Maxwell Kalu ya kafa, sun shigo da rukunin nauyi da ƙayyadadden lokaci da ma'aikatan lafiya a bakin fage, kuma waɗannan gyare-gyare ne na alheri da ya kamata a yaba. Amma zai zama kuskure a ɗauka cewa sa 'yan wasa su tsaya gaban kyamara alƙali ya ɗaga hannun ɗaya su gaisa ya wadatar a matsayin tarbiyya. Musafahar da aka wajabta tana iya zama fanko, kamar yadda duniyar wasan dara na Turawa ta gani a 2008 a garin Wijk aan Zee na ƙasar Holan, inda Ivan Cheparinov ya ƙi karɓar hannun Nigel Short, aka ba Short wasan, sa'annan aka sake bugawa bayan an sa Cheparinov ya nemi afuwa a rubuce. Abin da ya fi cancanta a rubuta cikin dokokin gidajen dambe, a kuma hukunta wanda ya karya shi da dakatarwa da hana kari, shi ne dukan wanda ya faɗi da wulaƙanta shi, tare da ba wa iyayen gidan 'yan wasa da sarakunan dambe wurin zama na gaskiya a cikin shirya gasa maimakon a gayyato su don ado.

Akwai kuma batun abin da yake faruwa da wanda aka buge bayan taro ya watse, wanda shi ne ɓangaren da aka fi sakaci da shi. Dukan da ya sumar da mutum yana iya barin lahani a ƙwaƙwalwa ko da ya miƙe ya yi tafiya da ƙafarsa, kuma komawa fage kafin ya warke yana ninka haɗarin, amma ɗan damben da abincinsa yake jikin kari ba ya son hutawa, ga kuma gorin da yake jiransa idan aka ce tsoro ya hana shi fitowa. A fagen ƙauye babu likita, sai ruwa da fifita da maganin gargajiya, kuma idan abin ya yi tsanani a nemi babur ko mota zuwa babban asibitin Bichi ko na Ɗambatta. Sana'ar tana da tsohuwar hanyar taimakon kai da kai, wato ajo, wasan da ake shirya wa ɗan dambe ɗaya domin abin da aka tara ya zama nasa lokacin aure ko rashin lafiya ko barin fage, kuma 'yan ɓangarorin da suka sha karawa da shi suna zuwa su yi wasa a ranar. Sai dai ajo yana zuwa ne ga wanda ya yi suna, bayan watanni ko shekaru, alhali yaron da aka sumar a turmin farko na rayuwarsa a wani ƙauyen Makoɗa yana buƙatar kuɗin hoton kai a daren nan, kuma a mafi yawan fagage wannan nauyi yana kan maigidansa da iyayensa, ba a kan wanda ya karɓi kuɗin ƙofa ba.